Bindiga mai baki uku ko huɗu: ta daji ce ko ta nuna gwaninta?

Garba_Injiniya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana, wanda ya fi ni sani ya gyara min. Bindigogin harbin tsuntsayen nan na Turai na ƙarshen ƙarni na 19, masu baki uku da masu baki huɗu, irin waɗanda kamfanin Charles Lancaster ya ƙera a Landan da na John Dickson a Edinbura, ni a ganina ba don daji aka yi su ba. An yi su ne don maƙeri ya nuna iyawarsa, mai kuɗi kuma ya samu abin nuna wa baƙi. Hujjata nauyi. Bututai biyu na bindiga mai lamba 12 sun kusa kilo 1.4, bindigar gaba ɗayanta kamar kilo 3. In ka ƙara bututu ɗaya ka ƙara fiye da rabin kilo, kuma duk a gaba, a kan hannun hagu. Ribar me? Harbi ɗaya tak. Ko akwai abin da ban hango ba?

Baba_Saiti:
Wa alaikumus salam Injiniya. Kafin a yi nisa a raba kaya biyu, don ba ɗaya ba ne. Akwai wadda duk bakunanta aiki ɗaya suke yi, wato watsa ƙwayoyin dalma. Akwai kuma ta Jamusawa da ake kira Drilling, mai bututun dalma biyu a sama jere da juna, da bututun raifil ɗaya a ƙarƙashinsu. A kan ta farko ina tare da kai. A kan ta biyu sam ban yarda ba, domin har gobe ana ƙera ta, ana kuma shiga daji da ita a Jamus da Ostiriya.

Dalibin_Karfe:
Baba a yi haƙuri, mene ne lamba 12 da lamba 16 ɗin nan?

Baba_Saiti:
Faɗin ramin bututu ne, ɗana. A raba laba ɗaya ta dalma gida 12, a mulmula kashi ɗaya ya zama ƙwallo, faɗin wannan ƙwallon shi ne lamba 12, milimita 18.5. Lamba 16 milimita 16.8 ce, lamba 20 kuma 15.6. Lamba na hawa, rami na tsukewa. Shi ya sa masu baki uku da huɗu suka fi yawa a lamba 16 da 20, don a rage nauyin da Injiniya ke kuka da shi.

Malam_Tarihi:
Injiniya, abin da ya kashe waɗannan bindigogi a Ingila ba nauyi kaɗai ba ne, salon farautarsu ne. Manyansu tsayawa suke yi wuri ɗaya, masu kora su taso tsuntsaye su biyo ta kansu. Mai hali sai ya sa a ƙera masa bindiga biyu iri ɗaya, tagwaye, ya ajiye mutum a bayansa yana ɗura masa. Ya harba biyu ya miƙa, ya karɓi ɗayar. Wannan ya fi baki huɗu sauri, don mai baki huɗu in ta ƙare sai an tsaya an cika rami huɗu. Sannan aka samu na'urar da ke watso kwanso da kanta in an karya bindiga, ɗuri ya ƙara sauri. Daga Amurka kuma Winchester ta fito da samfurin 1897 mai ja a tura, sai ta Browning mai ɗura kanta a farkon ƙarni na 20, harbi biyar daga bututu ɗaya. Daga nan babu sauran dalilin ɗaukar bututu huɗu.

DanMakeri_KN:
Ni ɓangaren aikin ne ya dame ni, don mutane na kallon zanen jiki su ce ga gwaninta, alhali wahalar tana inda ido ba ya gani. Bututan nan ba a jere suke sak ba. A mai baki biyu ma, bututun dama yana gefen tsakiyar bindiga, in ya tashi sai ya fizgi bakin zuwa dama, na hagu kuma zuwa hagu. Don haka ake ɗan karkato su su fuskanci juna, yadda dalmarsu za ta haɗu a wajen mita 35. Yadda ake yi: a haɗe gindin bututan da ɗori mai ƙarfi, a sa 'yan ƙarafa masu tsini tsakaninsu a tsakiya da wajen baki, a ɗaure da waya, a liƙe da ɗorin kuza da dalma. Sai a je a harba a allo. In na dama ya yi gefe, a dawo a narkar da ɗorin, a matsa ƙarfen tsakani da abin da bai kai kaurin takarda ba, a sake liƙewa, a sake harbawa. Da bututu biyu kusurwa ɗaya kake nema. Da uku, duk wanda ka taɓa sai ya ja sauran biyun, ga wutar da ka sa don gyara wannan tana sassauta ɗorin wancan. A Drilling abin ya fi tsanani, domin dalma tana bazuwa ta rufe kuskure, amma harsashin raifil guda ɗaya ne, dole ya sauka inda saiti ya nuna a mita 100. Kuɗin da mai saye ke biya, wani kaso nasa na wannan kai-komo ne tsakanin maƙera da filin gwaji.

Garba_Injiniya:
To ai ka ƙarfafa maganata, Ɗanmaƙeri. Wahala mai yawa, amfani kaɗan.

Maharbi_Damagaram:
A'a Injiniya, dubi yadda Bajamushe ke farauta tukuna. Yanki ne guda ake ba shi haya, ya zagaya shi da ƙafa ko ya hau rumfa ya zauna. Abin da zai fito bai sani ba: zomo ne, agwagwa ce, barewarsu ce, ko aladen daji. Dokar farautarsu ta hana harbin dabba mai kofato da ƙwayoyin dalma, tsuntsu a sama kuwa ba a harbinsa da raifil. Ko dai ya rataya bindiga biyu, ko ya ɗauki ɗaya mai kilo 3 zuwa 3.5 da ta haɗa duka. Bututanta gajeru ne, santimita 60 zuwa 65, shi ya sa nauyin bai rinjaya gaba yadda kake zato. Kunama biyu gare ta. Ta baya ta bututun hagu ce. Ta gaba ta bututun dama ce, amma in ka tura maɓallin da ke bisa wuya sai ta koma ta raifil, a lokaci guda ɗan ganyen saiti ya miƙe tsaye a kan bututu ya sanar da kai. In ka tura ita kunamar gaba da yatsa har ta yi ƙas, ta zama mai sauƙin taɓawa don harbin nesa. Da yawansu ma ana zura wani siririn bututu a cikin na dama, mai ƙaramin harsashin raifil irin .22 Hornet, don ƙananan dabbobi. Wannan ba kayan ado ba ne.

Uwar_Adana:
Malam Maharbi, a faɗi aibinta ma. Wannan kunamar mai sauƙin taɓawa ita ce babban haɗarin tsofaffin. In an ɗana ta ba a harba ba, sai an karya bindigar an kwance ta a hankali, in ba haka ba ɗan girgiza ya isa. Maɓallin zaɓi ma ana mantawa da shi. Mutum ya bar shi a kan raifil, tsuntsu ya tashi, ya ɗaga ya saki harsashi mai tafiyar kilomitoci a sama. Makullin yawancinsu kuma a gefen hagu yake, irin na Greener, maƙerin Ingila, kunama kawai yake tarewa, gudumomin ciki suna nan a ɗane. Sababbin ƙira sun magance wannan da maɓallin da sai an tura shi ne sifirin ɗin raifil ke ɗanuwa.

Dalibin_Karfe:
Ta Lancaster mai baki huɗu fa, kunama huɗu gare ta?

Malam_Tarihi:
A'a. Bututan biyu ne a sama biyu a ƙasa, allurar harbi kuma ɗaya ce mai juyawa. Duk jan kunama sai ta juya kwata ta tsaya a bayan bututu na gaba. Henry Thorn, wanda ya riƙe kamfanin bayan rasuwar Lancaster, shi ya yi rajistar dabarar a farkon shekarun 1880, kuma da ita suka yi ƙananan bindigogin hannu masu baki huɗu da hafsoshin Birtaniya suka riƙa saya. A bindigar hannu ta yi aiki. A ta tsuntsaye, samfurin farko jan kunamarsa dogo ne mai nauyi, saboda yatsa ne ke juya allurar ya kuma ɗana sifirin. Mai bin tsuntsu a sama yana son kunamar da za ta saki nan take, in ta yi tauri sai bakin bindiga ya tsaya, dalma ta wuce ta bayan tsuntsu. Ga saiti: bututan ƙasa suna nesa da ido fiye da na sama.

Baba_Saiti:
Ta Dickson ta fi ta kyau a hannu, bututu uku a jere a kwance. Amma faɗin ya yi yawa, yana rufe wa maharbi abin da ke ƙarƙashin baki, hannun hagu ma da ƙyar yake zagaye ta. Kamfanin Boss na Landan shi ma ya yi mai uku a shekarun 1890, lokacin John Robertson, da kunama ɗaya tak mai tashin ukun bi da bi. Wannan kam ina ganin talla ce: yana so a ga kunamarsa guda da ya ƙirƙiro za ta iya da uku, balle biyu. Duka kamfanonin kaɗan ƙwarai suka ƙera, shi ya sa a yau sai a gidan gwanjo.

Sarkin_Zance:
Ku duk kun bar babbar, mai baki bakwai ta Nock. 😄

Malam_Tarihi:
Wannan ba ta farauta ba ce, amma ta cancanci a ambata. James Wilson ya tsara ta a 1779, Henry Nock ya ƙera wa sojan ruwan Birtaniya guda 500 a 1780. Bututu ɗaya a tsakiya, shida sun kewaye shi, ƙanƙara ɗaya ke kunna na tsakiya, wuta ta bi ƙananan huda ta shiga sauran, bakwai su tashi tare. Nauyinta ya kusa kilo 6, duk da haka shurinta yana karya kafaɗa, har aka rage albarushi. Wata matsalar, ba kullum bakwai ɗin ke tashi ba, kuma a cikin hayaƙi mai ɗuri bai san wanne ya ƙi ba, sai ya ƙara ɗuri a kan ɗuri. Ga tsoron tartsatsi ya kama filafilan jirgi. A 1804 aka janye ta.

Admin_Zaure:
Tunatarwa: tarihi da fasaha muke tattaunawa. Babu cinikin makami a nan, babu koyar da ƙira. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta tanadi lasisi, kuma har bindigar toka ta shafa. A ci gaba.

DanMakeri_KN:
Na gode Admin. Mu koma kan Drilling, akwai ciwon da aka haife ta da shi, wanda Maharbi bai taɓo ba. Ƙarfe yana ƙara tsawo da kusan kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri ɗaya. Bututu mai santimita 60 in ya ɗau zafin digiri 50 ya ƙaru da milimita 0.36. Bututun raifil yana ƙasa, an liƙe shi da biyu na sama waɗanda suke a sanyaye. Shi yana son miƙewa, su sun riƙe shi, sai duk dunƙulen ya lanƙwasa sama. Harbi na farko daidai, na biyu ya ɗan hau, na uku ya ƙara hawa. Wanda bai sani ba sai ya yi ta murɗa madubin saiti yana bin rami, alhali maganin shi ne a bar ta ta huce sarai tsakanin harbi da harbi in ana gwaji. Bindigar harbi ɗaya ce a sanyaye, biyu in ta matsa. Kamfanonin yanzu irin su Krieghoff da Blaser suna yin samfuran da ba a liƙe bututun raifil ɗin ba, an bar shi yana miƙewa shi kaɗai, da sukurorin gyara saiti.

Maharbi_Damagaram:
Gaskiya ne, amma a daji harbin farko ake nema. Wanda ke jiran alade a rumfa ba harbi biyar zai yi ba.

Uwar_Adana:
Tunda an zo kan ɗori, ga yadda masu adana kayan tarihi ke duba tsohuwa kafin a ce komai a kanta. A cire bututan daga jiki, a rataye su da ƙugiyarsu a yatsa, a ƙwanƙwasa da ɗan katako. In ɗori lafiya yake za su yi amo mai tsawo kamar ƙararrawa. In suka yi bus, sandar haɗi da aka ɗora tsakanin bututan ta saki a wani wuri, ruwa ya shiga, kuma tsatsa na cin bango daga inda ba a gani. Na biyu, a mayar da bututan, a bar katakon gaba a cire, a riƙe ƙota a girgiza. In akwai motsi, ƙusar da bindigar ke karyewa a kai ta cinye. Na uku, a auna kaurin bango da ma'auninsa. Maƙeran Ingila ba sa son ya gaza inci 0.020, wato kamar rabin milimita, kuma a mai baki uku an riga an fefe bututan tun asali don rage nauyi, duk wanda ya sake goge ciki don cire tabo ya ci daga abin da babu. Na huɗu, a duba katako daidai inda ya haɗu da ƙarfe. An rarake wurin don gudumomi uku su samu wuri, saura ɗan siriri, mai ya jiƙa shi shekara da shekaru ya yi laushi. Shi ya sa ake jingine su baki a ƙasa. Kariyar kunama kuma a yawancin na Jamus ƙaho ce, ƙwari na cin ta a ma'ajiya.

DanMakeri_KN:
Ƙari a kan na Hajiya: kada a kuskura a tsoma irin waɗannan bututai a tafasasshen ruwan sinadari na zamani da ake baƙanta ƙarfe da shi. Zafinsa wajen digiri 140 ne, bai kai narkar da ɗori ba, wanda sai ya haura 180, amma sinadarin yana cin kuza da dalma, bayan wani lokaci sandar haɗi ta ɓalle. Baƙinsu na asali da tsatsa ake yi: a shafa ruwan magani, a bari ta yi ja, a tafasa a ruwa zalla ta koma baƙa, a goge da buroshin waya mai laushi, a maimaita har launi ya zauna.

Dalibin_Karfe:
To in duk wannan ya yi daidai, ana iya harba ta da harsashin yanzu?

Baba_Saiti:
Ɗana, nan ne ake rasa yatsu. Mazaunin harsashi na tsofaffin lamba 16 na Jamus milimita 65 ne, na yanzu 70. Tsawon kuwa na kwanso ne bayan ya buɗe, don haka mai 70 zai shiga lafiya lau, sai ya tashi bakinsa ya rasa wurin buɗewa, matsi ya ƙaru. In an ƙwaƙule mazaunin ya kai 70 an rage bango, hatimin gwajin da ke jiki ya tashi aiki, a Birtaniya ma laifi ne sayar da ita sai an sake kai ta gidan gwaji na Landan ko na Bamingham. Ɓangaren raifil ya fi haɗari. Akwai 8x57JR mai harsashi milimita 8.09, akwai 8x57JRS mai 8.22. Kwanso kusan ɗaya, kaurin harsashi daban. A sa na biyu a bututun na farko, an tura babba a ƙaramin rami. Ba a dogara da rubutun jiki, sai gwani ya zuba narkakken ƙarfe mai laushi ya ɗauki siffar mazaunin, ya tura dalma ta cikin bututu ya auna ta. Hatimai ma a karanta: dokar gwajin Jamus ta 1891 ta fara aiki a 1893, kambi bisa harafin G na bututun raifil ne, bisa W na mai matsin baki, bisa N na wanda aka gwada da albarushi marar hayaƙi. In babu N, a ɗauke ta a matsayin ta baƙin albarushi. Ƙwayoyin ƙarfe da suka maye gurbin dalma kuwa, tun da Tarayyar Turai ta hana dalma a fadamu a 2023, suna kumbura bakin tsohon bututu mai matsi. Sai ƙwayoyin bismut, wani ƙarfe mai laushi, shi kuma da tsada.

Maharbi_Damagaram:
Wani abin da ya mayar da tsofaffi da yawa bango: harsashin raifil 9.3x72R da aka yi wa da yawansu a da. Dokar Jamus na neman ƙarfin bugun harsashi na jul 1,000 a mita 100 ga ƙaramar barewa, 2,000 ga manya irin alade. Wannan harsashi ya wuce na farko, bai kai na biyu ba.

Sarkin_Zance:
Me ya sa ba a gadar irinsu a gidajen maharbanmu, sai ta toka?

Malam_Tarihi:
Yarjejeniyar Brasels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, aka bar wa 'yan ƙasa mai ƙanƙara marar zare da albarushin kasuwa. Bamingham da Liyej ta Beljiyam suka yi ta ƙero masu araha don wannan ciniki. Su kuwa masu baki uku ko a can sai mai hali. Inda Drilling ta taka Afirka sosai shi ne Yaƙin Duniya na Biyu: J.P. Sauer na garin Suhl ya ƙera wa sojan saman Jamus samfurin M30 a 1941 da 1942, kusan 2,500, lamba 12 biyu da raifil 9.3x74R, a akwatin alminiyam, don matuƙin da aka harbo a hamadar arewa ya rayu da ita. An yi mata aiki irin na farautar manya, har da zane, abin da ake dangantawa da son farautar Göring, shugaban sojan saman Jamus na lokacin. Bayan yaƙi Suhl ta faɗa Jamus ta Gabas, Sauer ya koma Eckernförde, Krieghoff ya koma Ulm, sojojin Amurka kuma suka kwashi tsofaffin da yawa zuwa gida.

Garba_Injiniya:
M30 ɗin nan ai shaidata ce, Malam. Matuƙi a hamada, an ba shi harsashin da ya isa kayar da ɓauna, da zane a jiki. Na bar wa Baba da Maharbi Drilling ta daji, amma har ita ba ta tsira daga son nuna gwaninta ba.

DanMakeri_KN:
Zanen shi ne mafi arha a ciki, Injiniya. Ka je inda ake haɗa bututu da gidan kunama. Maƙeri zai kunna fitilar kananzir ya turara gindin bututan har su yi baƙi, ya rufe bindigar, ya buɗe. Inda baƙin ya goge nan ƙarfe ya taɓa ƙarfe, sai ya sa magagari ya share wurin kaɗan, ya sake turarawa. Haka zai yi ta yi har fuskar ta taɓa ko'ina daidai. A mai uku allurar ƙasa a karkace take shiga, kuma bututun raifil matsinsa ya ninka na dalma sau da yawa, shi ya sa suke ƙara sakatar Greener da ke ratsa sama. Har yanzu ana koyar da wannan aiki a makarantar maƙera ta Ferlach a Ostiriya, can ma ake yin mai baki huɗu da oda.

Uwar_Adana:
Ita ma ta Ferlach mai huɗu ba dalma huɗu ba ce irin ta Lancaster. Dalma biyu ce da raifil biyu, babba da ƙarami, kowane baki da aikinsa.

Baba_Saiti:
Sai dai ba a daina yin mai dalma uku ba fa. Kamfanin Akkar na Turkiyya yana yin ta, biyu a ƙasa ɗaya a sama, kunama ɗaya, Chiappa na sayar da ita da sunanta. Tana da nauyi, kuma tana da masu saye. Injiniya zai ce 'yan son a gani ne.

Garba_Injiniya:
Haka zan ce kuwa, Baba. Ɗanmaƙeri, tambaya ɗaya ta rage min: in sandar haɗi ta saki a tsohuwar Drilling aka sake ɗora ta, saitin raifil ɗin yana nan ko sai an koma filin gwaji daga farko?

DanMakeri_KN:
Ya danganta da inda ta saki. In ɗan wuri ne a tsakiya, aka ɗaure bututan da waya tamau, aka sa jiƙaƙƙen tsumma ya tare zafi daga ƙarafan tsakani, saiti kan tsira. In wuta ta kai ƙarfen da ke wajen baki, ya motsa, sai an sake gwaji. Kuma a yi ɗorin da ƙaro, ba ruwan asid ba, don abin da ya maƙale a ƙarƙashin sanda ba ya wankuwa, shi ne zai ci bututun nan da wasu shekaru.